Daga Samaru zuwa gonar gandu: me ya sa wata shawarar malamin gona take kamawa, wata ta bi iska?

Layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa aka shimfiɗa shi ya kwaso zuwa bakin teku. Shekara bakwai kafin nan, a 1922, Turawan mulki sun kafa gonar gwaji a Samaru kusa da Zariya, wadda ta zama cibiyar binciken noma ta Arewa, aka kuma haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Duk mai son ya gane dalilin da ya sa har yau manomin Tsafe ko na Bunguɗu yake sauraron malamin gona da kunne ɗaya, sai ya duba waɗannan abubuwa biyu tare. Binciken noma ya shigo ƙasar nan ne ɗauke da tambayar masaƙun Ingila: yaya za a yi eka ɗaya ta ba da auduga mai yawa, mai dogon zare? Maigida kuwa tasa tambayar daban ce: yaya za a yi rumbu ya kai iyali wata kakar?

Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Manchesta a 1902 don nemo wa masaƙun auduga, ya gina gidajen gurza a garuruwan Arewa, har da Gusau. Aka kawo irin auduga na Amurka mai suna Allen, ana raba shi kyauta ta hannun hakimai da dagatai. Su kuma ma'aikatan Samaru suka duƙufa: zaɓen iri, auna tazara, gwada ranar shuka. A yi musu adalci, aikinsu na gaske ne, kuma abin da suka auna daidai ne. Sun tabbatar cewa audugar da aka shuka a watan Yuni ta fi wadda aka shuka a Yuli amfani nesa ba kusa ba. Suka ce a shuka a Yuni, ita kaɗai a gona, a jere. Manoma suka ce to, suka ci gaba da shuka ta a Yuli. Shekaru aka kwashe ana wannan ja-in-ja, ana ɗora laifin a kan taurin kai da rashin wayewa.

Amma a duba yadda watan Yuni yake a gidan manomi a ƙasar Zamfara. Ruwa ya sauka, an bi da sungumi an shuka gero, an dawo an sa dawa a tsakani. Kafin a juya, ciyawa ta taso tare da shukar, noman firi ya zo. Wannan noma ba ya jira: idan aka yi masa jinkirin mako guda, ciyawa ta shanye geron, sai dai a yi ta binsa har kaka bai murmure ba. A daidai lokacin ne kuma rumbu yake ƙasa, tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo bai ko fitar da kai ba, 'yan ƙwadago sun yi tsada saboda kowa na nemansu. Hannun da ke gidan su ne dai maigida da 'ya'yansa biyu ko uku. Duk ranar da aka kai gonar auduga, daga gonar gero aka cire ta. Auduga sai bayan kaka za ta zama kuɗi, gero kuwa shi ne farkon abin da zai shiga tukunya, tun a ƙarshen Agusta ko Satumba. Mutumin da ya bar auduga ta jira Yuli lissafi ya yi, kuma lissafinsa bai karkace ba.

Sai a tsakiyar shekarun 1960 aka samu waɗanda suka juya tambayar. Wani masanin tattalin arzikin noma a Samaru, David Norman, da abokan aikinsa suka zaunar da ma'aikata a ƙauyukan Zariya da Sakkwato da Bauci, suna bin gidaje suna rubuta wa ya yi aiki, a wace gona, awa nawa, me aka samu. Abin da lissafin ya fitar shi ne abin da kowane dattijo zai faɗa maka a gindin bishiya: ƙarancin hannu a lokacin noman Yuni da Yuli ya fi ƙarancin fili takura manomi. Ya kuma nuna cewa haɗa amfani iri-iri a gona guda, wanda ake ta yi wa kallon ƙazanta, ya fi shuka guda ɗaya kawo riba a kan kowace awa ta wannan lokaci mai tsada, kuma ya fi tabbas daga shekara zuwa shekara. Hatta feshin audugar da aka ce a yi, sai aka lura famfon goyo na cin ruwa mai yawa, gonar auduga kuma galibi tana nesa da rijiya. Wa zai yi ta jidar ruwan? Daga baya ne aka zo da ƙaramin famfo mai batir da ba ya buƙatar wannan jida, aka kuma fara neman shawarar da za ta dace da mai shuka a Yuli.

Haɗa amfanin nan yana da tsarinsa. A shukar gicci, gero yana fita da wuri ya yi amfani da ruwan farko, a girbe shi dawa tana tsaye, ita kuma ta samu sarari ta cika da ruwan ƙarshe da raɓa. Wake yana shiga daga baya, ya shimfiɗu ya rufe ƙasa, ya danne ciyawa, saiwarsa ta ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsira. Ya yi jinkirin zuwa, dawa ta rama. Bayan hatsi akwai kara na darni da zana da makamashi, akwai harawa ta awaki da tumaki. Nan ma masu bincike sun ɗan yi tuntuɓe. An fitar da dawa mai gajeren kara, an fitar da wake mai tsayuwa cak da ke ba da ƙwaya da yawa amma harawarsa kaɗan, kuma ba ya yi sai da feshi. Gidan da matansa ke kiwon awaki ba zai saki tsohon wakensa mai yaɗo saboda wannan ba. Sai da masu binciken wake na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, a reshenta na Kano suka koma neman iri mai ba da ƙwaya da harawa tare, suka kuma gwada tsarin layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake, sannan maganar ta fara shiga. Kafin nan abin ya yi kama da telan da ya ɗinka riga mai kyau bai auna mai sawa ba.

Garmar shanu labarinta ya fi daɗi, ko da yake shi ma ba ta ƙofar da aka nufa ya shiga ba. Turawa sun fara da takin ganye, wato a shuka wani wake a kife shi cikin ƙasa don ta yi ƙarfi. Babu wanda ya yarda ya yi noma don ya binne abin da ba zai ci ba. Sai a 1928 aka fara gwada noma da bijimai, da manoma uku kacal, ana ba da rancen shanu da garma daga baitulmalin En'e. Babban abin da ake hange shi ne takin: a ɗaure bijimai a gida, a tara kashinsu a kai gona. Manomi kuwa ya hango abin da ya fi wannan. Bijimai biyu suna yin huɗar da mutane da yawa za su wuni ba su gama ba, a daidai watan da hannu ke ƙaranci. Idan ya gama tasa ya yi wa maƙwabci a biya shi. Da rani ya ɗaura musu amalanke. Bayan 'yan shekaru ya sayar da su sun yi ƙiba, ya sayi ƙanana, ya riƙe canji. Shi ya sa garma ta bazu har inda malamin gona bai taɓa takawa ba, wasu ma suka ɗaura wa raƙumi.

A 1975 Gusau ta zama ɗaya daga cikin wurare uku, tare da Funtuwa da Gombe, da aka fara shirin raya noma na Bankin Duniya. An yi hanyoyin karkara, an buɗe wuraren sayar da taki da iri, an ƙara malaman gona. Masara, wadda da a bayan gida ake shuka ta don gasawa, ta fita fili ta zama amfanin kasuwa, saboda an samu iri mai kyau daga IITA ta Ibadan, ga takin zamani da gwamnati ke ɗauke da fiye da rabin kuɗinsa. Sai dai masara da taki take rayuwa. Da rangwamen ya janye, masu ƙaramin ƙarfi da yawa suka koma wa dawa da gero. A Bakolori kuwa, kusa da Talatar Mafara, an gama madatsar ruwa a 1978 da niyyar noman rani na zamani, alkama a sahun gaba. Alkama tana son a shuka ta a tsakiyar Nuwamba don ta ci sanyin hunturu, dawa kuma a lokacin tana tsaye a gona ba ta gama nuna ba. Wato ana so manomi ya bar abincinsa don ya noma na gidan burodi. Ga rikicin filaye da diyya, wanda ya kai ga kashe manoma a watan Afrilun 1980, ga mutanen ƙasa da madatsar da fadamunsu suka daina samun ambaliyar da suke noman shinkafa da kamun kifi da ita. Yau shinkafa ce ta mamaye Bakolori.

Kebbi tana da nata darasin. Tun kafin zuwan Bature mutanen fadamar Argungu da Birnin Kebbi suna noman shinkafarsu ta gargajiya, mai jan bawo, wadda ke tsawo tana bin ruwa yayin da yake hawa. Amfaninta kaɗan ne, amma ambaliya ba ta cika kashe ta ba. An kawo tarakta a farkon shekarun 1950 don kaftun fadama, an kafa reshen binciken shinkafa a Birnin Kebbi ƙarƙashin cibiyar binciken shinkafa ta Badeggi da ke jihar Neja a yau. Amma abin da ya sauya fadamar da gaske abubuwa biyu ne da suka haɗu: ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa, waɗanda shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya yaɗa, da kuma iri mai saurin nuna irin su Faro 44, da manoma ke kira sipi, wanda ke isa girbi cikin kusan wata huɗu. Da su manomi ya kauce wa ambaliya gaba ɗaya, ya koma rani, lokacin da hannu ba ya ƙaranci kuma shi ke da iko da ruwa. Babu wanda ya roƙe shi ya karɓa. Gani ya kori ji. Kan wannan ginshiƙi aka ɗora shirin rancen Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015. Ambaliyar 2020 ta nuna abin da ke samun sabon iri idan ruwan damina ya haura kansa, cire tallafin fetur a 2023 kuma ya nuna cewa noman rani a wuyan inji yake rataye. Masu hali sun fara komawa famfon hasken rana, sauran suna rage fili.

To, iyalin da ke da 'yan gonaki biyu da awaki huɗu, me za su ɗauka daga wannan tarin bincike na shekara ɗari? A ganina, shawarar da ta fi amfani ita ce wadda ba ta neman ƙarin kuɗi, ba ta kuma neman ƙarin hannu a watan Yuni. Irinta tana nan da yawa, kuma maganar taki ce kan gaba.

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15 kilo 7.5 kawai yake da shi, sauran ƙarfinsa na saiwa ne da cikar ƙwaya. Ke nan sai an haɗa kamfa uku kafin a kamo yuriya ɗaya ta wannan fuska, kuma kowane da lokacinsa: kamfa da wuri, a makonni biyun farko, yuriya daga baya idan shuka ta kai gwiwa. Shawarar littafi ga masara ita ce kusan buhu takwas na kamfa da biyu da wani abu na yuriya a kadada guda. Gida nawa ne a Maru ko Gummi zai iya wannan a farashin yau? Wanda buhu ɗaya ya samu, abin da ya rage masa shi ne kada ya yi asarar ko cokali. Yuriyar da aka watsa a kan ƙasa da rana, wani kaso nata iska yake bi, wani ruwa ya wanke, wani ciyawa ta sha. Je ka ga mai yi da kyau: yana tafe da ɗan tsinken itace, ya huda rami kamar faɗin tafin hannu daga gindin shuka, yaro na biye da shi da murfin kwalbar lemo yana zuba cikinsa ɗaya, ya take da diddige. Ƙasa na da laima, an riga an yi noma, babu ciyawar da za ta yi tarayya. Aikin yana da cin lokaci, gaskiya ne, amma yaran gida na iya yinsa da yamma. Kuma ya fi a tara buhun a rabin gona, inda aka zuba takin gida da rani, da a barbaɗa shi ko'ina ya zama babu inda ya ƙoshi. Gonar da wuta-wuta ta kama, alama ce ta ƙasa ta gaji: a tuge ta kafin ta yi fure, don kowace ɗaya tana zubar da dubban 'ya'ya da ke kwana a ƙasa shekaru, a kuma juya gonar zuwa gyaɗa ko waken suya. Gawon da ke tsakiyar gona a bar shi. Da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, kuma ƙarƙashinsa ya fi ko'ina ƙarfi.

Iri ma haka. Kafin ruwa ya sauka a ƙirga ƙwaya ɗari, a nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa ana yayyafa masa ruwa. Bayan mako guda a ƙirga waɗanda suka tsiro. Idan sun gaza tamanin a ƙara yawan abin da ake jefawa a rami, idan sun yi ƙasa sosai a nemi wani tun da sauran lokaci. Masarar aure, wadda kamfani ke haɗawa, ba a ajiye 'ya'yanta a sake shukawa; amfanin raguwa yake. Geron Sosat da gyaɗa irin su Samnut 24 ana iya ajiye su. Gyaɗar nan tana da tarihi: cutar kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda ta zo a bayan farin 1973, ita ce ta karya noman gyaɗa a Arewa, kuma an daɗe ana aiki kafin a samu iri mai jure mata da ke nuna da wuri. Kowane sabon iri dai a fara ba shi kunya biyar ko goma a gefen na gida, rana ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya. A kaka a auna su daban, a duba kara da harawa, sannan a ba uwargida ta daka ta tuƙa. Irin da tuwonsa ba ya kwana ba zai zauna a gidan ba, ko dami nawa ya bayar.

Wannan ya kawo mu inda tsohon tsarin ya fi rauni. Malamin gona namiji ne, a gona ko a ƙofar dagaci yake tsayawa, alhali rabin aikin a cikin gida yake: ajiyar wake, matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, turara shanshera, kiwon awaki da kaji. In ka ɗebe wurare irin ƙasar Zuru inda mata ke fita gona sosai, maganarsa ba ta tsallake zaure. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka fara ɗaukar mata malaman gona da gaske, kuma har yau ba su da yawa. Ga misalin abin da ke faruwa idan bincike ya shiga cikin gida. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwada dabararsa a Kamaru, aka yaɗa shi daga 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. A shanya wake ya bushe ƙarau, a zuba, a matse iska, a murɗe bakin ledar ciki a ɗaure, a ɗaure ta biyu daban, a ɗaure na waje. Ƙwarin da ke ciki iska ta ƙare musu su mutu, babu ƙwayar magani, babu hoda. Sharaɗin kawai kada leda ta huje, kada a riƙa buɗewa, a ɗora shi kan katako nesa da ɓera. Mai wake ta riƙe kayanta har bazara lokacin da farashi ya tashi, yaranta kuma ba su ci guba ba. Zuba maganin ƙwari barkatai ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Nijeriya a 2015.

Akwai tambayar da Samaru ta 1922 ba ta san da ita ba, wadda yanzu ita ce ta farko a Zamfara da wasu sassan Kebbi: gonar ma za a iya zuwa? 'Yan bindiga sun kore shanun huɗa, sun sa wa ƙauyuka haraji kafin shuka da kafin girbi, manyan gonakin daji na wajen Ɗansadau da Zurmi da yawa sun koma saura. Garmar da ta warware ƙarancin hannu ta bar gidaje da dama, an koma fartanya. Jama'a sun matsu a gonakin bakin gari, waɗanda ake nomawa kowace shekara babu hutu, ga takin shanun ya ragu. A irin wannan hali ma'aunin ya sake sauyawa. Manomi yana neman abin da zai nuna cikin kwana saba'in ko tamanin a kwashe shi da wuri, abin da ba ya tsawo har ya ɓoye mai zuwa, abin da ba ya buƙatar a je masa sau goma. Shi ya sa wake mai saurin nuna da waken suya da gyaɗa suke karɓar filin da a da na dawa ne, maganin feshin ciyawa kuma ya maye gurbin noman firi a gonaki da yawa, galibi ba tare da wanda ya nuna wa mai feshin awo ko abin rufe hanci ba. Cibiyar Samaru tana da reshe a Talatar Mafara, akwai kwalejin noma a Bakura, akwai jami'ar noma ta tarayya a Zuru. Ɗalibansu 'ya'yan waɗannan ƙauyuka ne, suna iya zama da gidaje ashirin a bakin gari su rubuta wa ya je gona, awa nawa ya samu ya yi, me ya hana shi komawa, kamar yadda aka yi a shekarun 1960.